Sharhi a Kan Waƙoƙin Faila: Ina Muridin da Bai Iso Ba?

Duk wanda ya tashi a Tudun Wadar Gusau ya saba jin waƙoƙin Faila a bakin masu bege, musamman lokacin Mauludi. Fitacciya a cikinsu ita ce Goran Faila ta Shehu Balarabe Gusau, wadda ke yabon Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha da almajiransa, tana ambatonsu da sunayensu. Wajen zaƙin harshe da daɗin rerawa, ba ni da ta cewa.

Amma akwai abin dubawa. Shi Shehu Ibrahim, wanda ya bayyana Faila a 1929, ya kasa tafiyar muridi matakai tara: daga tuba, istiƙama da taƙawa, a bi ta gaskiya, ikhlasi da natsuwa, sannan muraƙaba, mushahada, a ƙare da ma'arifa. Mawaƙanmu kuwa sukan yi tsalle su dira a kan na tara. Ina labarin bawan Allah da ya shekara yana wuridi da wazifa, abokan tarbiyyarsa duk an ce sun samu, shi ko shiru, har yana tambayar kansa ko ƙofar ma akwai ta?

Wannan shakka ba abin kunya ba ce. Imamu Gazali, wanda ya bar koyarwa a Bagadaza a 1095, ya rubuta tasa ɓaro-ɓaro cikin Almunƙizu Minad Dalali.

A ganina, adabinmu na sufanci ya cika raba goro ga waɗanda suka iso. Saura mawaƙin da zai tuna da na kan hanya, don su ne suka fi yawa.