Wuya da Maɗaukin Sauti: Yadda Jitar Lantarki Mai Kogo Ta Sauya Kama

Kafin lantarki ya shigo harkar, babbar matsalar makaɗin jita a Amurka ita ce ba a jin sa. A manyan ƙungiyoyin jaz na shekarun 1920 da 1930 masu busa ne a gaba, mai ganguna a baya, shi kuwa yana gefe yana dukan tsirkiyoyi iya ƙarfinsa don ya riƙe wa kiɗa ƙafa. Maƙera suka yi ta faɗaɗa cikin jitar ko za ta ƙara murya, har kamfanin Gibson da ke Kalamazoo ya fito da Super 400 a 1934, mai faɗin inci 18. Tsirkiyoyin zamanin masu kauri ne, suna jan wuya da ƙarfin gaske. Tun 1923 ma'aikacin Gibson, Thaddeus McHugh, ya samu rajistar sandar ƙarfen da ake binnewa cikin wuya don hana shi lanƙwashewa, amma duk da haka ba a daina barin katako da yawa a wuyan ba. Bayansa yana da tsini kamar harafin V, kuma ba don ado aka yi shi haka ba. Mai danna tsirkiyoyi huɗu lokaci guda tun daga magariba har tsakar dare yana neman inda tafin hannu zai cika, babban yatsa kuma ya samu wurin jingina.

Da wannan wuyan jitar lantarki mai kogo ta farko da ta samu kasuwa ta fito, wato ES-150 ta Gibson ta 1936. Jita ce irin ta da, mai kogo, fuskarta sassaƙaƙƙen icen sufurus, sai aka huda fuskar aka dasa maɗaukin sauti kusa da wuya. Abin da ido ke gani ɗan ƙarami ne: baƙin faifai mai kusurwa shida, da siririn ƙarfe kwance a ƙarƙashin tsirkiyoyi. Nauyin yana ciki, inda dogayen maganaɗisu biyu ke rataye, kusoshi uku da ake ganin kawunansu a fuskar jitar suna riƙe da su. Da yake ƙarfe ɗaya ne ke sauraron tsirkiyoyi shida, ta biyu daga ƙasa takan fi sauran amo, sai daga baya aka yi wa ƙarfen ɗan gibi daidai ƙarƙashinta don a rage mata baki. Irin wannan gyara na mutanen da ke koyon abu da kunnensu yana burge ni ƙwarai.

Charlie Christian ne ya nuna amfanin abin. Ya shiga ƙungiyar Benny Goodman a 1939, ya riƙa tafiyar da jita tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, da dogon numfashi, yadda mai busa ke yi. Tarin fuka ya kashe shi a 1942 yana ɗan shekara 25, amma ya riga ya sauya wa hannun hagu aiki. Daga ranar makaɗin jita ya tashi daga mai riƙe ƙafar kiɗa ya koma mai magana a gaba, kuma kusan duk sauyin da wuya ya yi bayan haka yana bin wannan ne. Mai gudu a kan tsirkiya ɗaya yana son yatsunsa su kai can kusa da ciki, shi ya sa yanke kafaɗar jita ya yaɗu. Yana son babban yatsa ya zame a bayan wuya ba tare da tuntuɓe ba, shi ya sa tsinin nan ya lafa, bayan Yaƙin Duniya na Biyu wuya ya zama kewayayye mai cika hannu.

A 1946 Gibson ta fito da P-90. Naɗi ɗaya ne na siririyar wayar tagulla, mai faɗi, gajere, da maganaɗisu biyu a ƙasa da kusoshi shida a sama, kowace tsirkiya da nata, ana iya ɗaga shi ko a sauke. Gibin da aka yi wa tsohon ƙarfe ya zama tarihi. Sannan a 1949 ES-175 ta zo a kan dala 175, kuma a wurina ita ce jitar da kamfanin ya fara faɗa wa kansa gaskiya a kanta. Ba a sassaƙa fuskarta ba, falankin mepul ne da aka manna hawa-hawa aka matse shi ya yi doro. Idan ba a jona ta ba muryarta ba ta kai ta L-5, jitar Gibson mai sassaƙaƙƙiyar fuska, ba ko kusa. Amma wa ya ce ba za a jona ta ba? Fuskar da ke rawa sosai ita ce ke kama iskar lasifika, ta mayar wa maɗaukin sauti, shi kuma ya sake turawa, har jita ta ɓarke da ihun da ba a sa ta ba. Fuska mai tauri ta fi haƙuri. Joe Pass da Jim Hall sun yi shekaru da wannan jitar, ba wanda ya ce kiɗansu ya rasa zaƙi.

Saura ƙugi. Naɗi ɗaya ba tsirkiya kaɗai yake ji ba, har wutar ɗakin yana ɗauka, da ta fitilu da ta taransifoma. Wanda ya taɓa zama kusa da amfilifaya a wurin taro ya san wannan gurnanin da ke fitowa tun ba a fara magana ba. Mutum biyu suka warware shi kusan lokaci guda, kowa a wurinsa. Seth Lover na Gibson ya haɗa naɗi biyu, ɗaya yana saɓa wa ɗaya a hanyar da wuta ke bi da kuma fuskar maganaɗisu, sai ƙugin da suka ɗauko ya kashe juna, sautin tsirkiya kuma ya taru. Ya nemi rajista a 1955, abin ya hau jitoci a 1957, da 'yar takarda a ƙasansa mai cewa an nemi rajista, wadda daga ita sunan PAF ya samo asali. Shi kuma Ray Butts ya yi wa makaɗi Chet Atkins irinsa, wanda masana'antar Gretsch ta sa wa suna Filter'Tron, ya maye gurbin na kamfanin DeArmond a kan jitarta 6120 wajen 1958. Naɗinsa sun fi matsowa kusa da juna, wayar ba ta kai yawan ta Gibson ba, don haka muryarsa ta fi kaifi da tsabta.

Ba na musun cewa wannan ci gaba ne. Amma an biya kuɗinsa. Naɗi biyu suna sauraron tsirkiya a wuri biyu, wasu ƙananan amo na sama sukan ɓace a tsakaninsu, sauti ya yi kauri da laushi, ya rage ƙaiƙayi. P-90 a jikin jita mai kogo yana da wani kaushi, ana jin bugun hannu da numfashin katako a cikinsa. A saurari Grant Green a faya-fayansa na Blue Note na farkon shekarun 1960, da ES-330 a hannu: kowace tsirkiya tana fitowa a bushe, da ɗan cizo a bakinta. Sai a saurari Wes Montgomery da L-5 mai naɗi biyu, yana shafa tsirkiya da naman babban yatsa, sauti na fita a dunƙule. Dukansu gwanaye ne, amma ni kunnena yana wurin na farko, ko da kuwa da ƙuginsa.

A tsakanin nan wuya ma bai zauna ba. A 1955 makaɗan Nashville biyu, Billy Byrd da Hank Garland, suka nemi jita mai siririn ciki da gajeren wuya, aka yi musu Byrdland: tsawon tsirkiya inci 23 da rabi maimakon 25 da rabi na L-5, wuyan kuma matsattse, don yatsu su kai inda a da sai an miƙe. ES-350T, wadda Chuck Berry ya yi suna da ita, irin wuyan ke gare ta. Wannan sauyi ne da makaɗi ya nema da bakinsa. A 1958 shugaban Gibson, Ted McCarty, ya fito da ES-335, wadda aka sa wa gungumen mepul a tsakiyar ciki, kogo ya rage a gefe biyu kawai, ihu ya ragu sosai. ES-330 ta 1959 da Epiphone Casino ta 1961 suna kama da ita a ido, amma cikinsu fayau yake, P-90 ne a kansu, wuya kuma ya shige ciki har gaɓa ta 16. Casino ce John Lennon da George Harrison da Paul McCartney na ƙungiyar Beatles suka riƙe a tsakiyar shekarun 1960.

Wuyan 1958 da 1959 shi ne wanda masu tara tsofaffin jitoci ke rantsuwa da shi. Mahogani ne guda ɗaya, ɗan'uwan maɗacinmu, kuma idan ka damƙe shi sai ka ji kamar ƙotar fartanyar da hannu ya daɗe yana gogewa, ba inda ya bar wa tafi sarari. Cikin 1960 aka rage masa kauri ya zama shimfiɗaɗɗe, wajen 1963 da 1964 ya ɗan sake cikowa. Sai dai mai cewa "wuyan 59" kamar abu ɗaya ne yana yaudarar kansa. Da hannu ake gama wuyan a jikin injin goge katako, jita biyu na wata guda sukan bambanta. Haka PAF: injinan naɗin na farko ba duka ke tsayawa da kansu ba, wani naɗin ya wuce, wani ya gaza, maganaɗisun kuma wanda ke cikin kwali a ranar shi ake sakawa. Abin da ake saye da dubban daloli yau, rabinsa rashin daidaiton masana'anta ne. Wasu sun fito da murya ta ban mamaki, wasu kuwa jita ce kawai, shekarar da ke jikinta ba ta ƙara mata komai ba.

Inda nake ganin an yi ɓarna shi ne 1965. Bayan Beatles sun bayyana a talabijin ɗin Amurka a Fabrairun 1964, kowane yaro ya so jita, masana'antu suka cika da oda. Cikin 1965 Gibson ta rage faɗin wuya a sama daga inci ɗaya da 11 cikin 16 zuwa inci ɗaya da 9 cikin 16, wato daga kimanin milimita 43 zuwa 40. A takarda ba wani abu ba ne. A hannu kuwa, mai yatsu masu kauri ya danna tsirkiya ɗaya sai ya toshe maƙwabciyarta, kuma makaɗin jaz da ke tara yatsu huɗu a gaɓa biyu shi ya fi shan wahala. Byrdland an yi ta ne don masu son matsi su zaɓa, wannan kuwa an ɗora wa kowa. A daidai lokacin aka rage kwanciyar kan jitar daga digiri 17 zuwa 14 don rage karyewa. McCarty ya bar kamfanin a 1966, kamfanin Baldwin ya sayi Gretsch a 1967, Gibson ta faɗa hannun kamfanin da ya zama Norlin a ƙarshen 1969. Wuya ya koma katako uku a manne, aka ƙara masa ƙulu a bayan kai. Maɗaukan sautin ma aka daidaita naɗinsu, kowane ya zama kamar ɗan'uwansa. Ba duka jitocin wannan zamani ne marasa kyau ba, akwai masu daɗi ƙwarai, kuma sun fi sauƙin kuɗi saboda sunan da aka ɓata musu. Amma waɗannan sauye-sauyen ba daga dandalin kiɗa suka fito ba, daga lissafin masana'anta ne.

Kamfanin Gibson da kansa ya amsa haka a aikace. A 1981 ya sake fito da ES-335 a kan ƙirar farko, da faɗin wuyan da, ba ƙulu a bayan kai, kuma ya sa injiniyoyinsa neman yadda za su maimaita muryar PAF. A 1984 aka rufe masana'antar Kalamazoo, aiki ya koma Nashville. Wasu tsofaffin ma'aikatan suka ƙi tashi, suka kafa Heritage a cikin ginin a 1985, suka ci gaba da ƙera jita mai kogo da injinan da aka bari.