Jita a Teburin Gareji: Nazarin Al'adar Haɗa Jita a Gida

A Amurka da Birtaniya da Jamus akwai mutane masu yawa da ke tashi daga aikin ofis ko na asibiti, su dawo gida, su shige gareji ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa, su kama fiƙe katako da niyyar haɗa jita da hannunsu. Ba sana'arsu ba ce, kuma galibinsu ba za su taɓa sayar da ko guda ba. Wanda ya leƙa irin wannan ɗaki da wuya ya tarar da jita gamammiya. Abin da zai gani shi ne wuya a rataye a bango, gefuna biyu a matse cikin ma'auni suna jiran gam ya kama, da fuskar jita a kife a tebur an zana mata layuka da fensir. Aikin yakan ci watanni, wani ma shekaru. Kuɗin kayan aiki kaɗai sun fi na jitar kanti mai kyau. Don haka ba araha ake nema ba, kuma duk mai son fahimtar al'adar sai ya duba aikin tun yana kan tebur.

Da can ilimin nan na gado ne, daga uba zuwa ɗa, daga maigida zuwa yaron shago, kuma ana ɓoye shi. Littattafai ne suka fara buɗe ƙofar. A 1966 Irving Sloane ya fitar da littafi mai hotuna kan yadda ake haɗa jita irin ta Sifaniya. A 1972 aka kafa ƙungiyar Guild of American Luthiers, wadda ta ɗauki raba sani a matsayin aƙidarta. A 1987 William Cumpiano da Jonathan Natelson suka wallafa nasu littafin, wanda har yau shi ne malamin farko na masu koyo da yawa. Ta ɓangaren jitar lantarki kuwa, Leo Fender ne ya sauƙaƙa lamarin tun wajen 1950. Mai gyaran rediyo ne, bai iya kaɗa jita ba, sai ya tsara wadda ake ɗaure wuyanta da jikinta da noti huɗu. Abin da ake kwancewa da sukundireba, kowa na iya haɗa shi a ɗakinsa.

Daga nan masu sha'awar suka kasu biyu. Akwai masu sayen kaya a yanke daga kamfanoni irin su StewMac na jihar Ohayo, su manna, su goge, su shafa fenti. Akwai kuma masu farawa daga falanki. Na biyun sukan raina na farkon, ni kuwa ban ga dalili ba, domin wanda ya daidaita wuya da jiki har tsirkiya ta kwanta daidai ya riga ya koyi rabin aikin. Sai dai sirrin jita mara lantarki yana wurin da mai fiƙa da hannu kaɗai ke isa.

Wurin shi ne fuskar jita. Katako ne mara nauyi, kaurinsa bai cika wuce milimita 3 ba, amma tsirkiyoyin ƙarfe guda shida suna jan sa da ƙarfin da ya kai kilo 70, dare da rana. In an bar shi da kauri, ba zai motsa ba, sauti ya fito a shaƙe. In an fiƙe shi da yawa, sai ya kumbura a bayan jaki, wato ɗan katakon da tsirkiya ke hawa, ya lotsa a gabansa, ƙarshe ya tsage. Abin da ke riƙe da shi su ne haƙarƙarin da ake mannawa ta ciki. Kamfanin Martin ya shahara da masu gittawa da juna, Sifaniyawa kuma suna baza nasu kamar mafici. Mai haɗawa zai riƙe fuskar da yatsu biyu kusa da kunne, ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya ɗan rage haƙarƙari, ya sake ƙwanƙwasawa. Babu littafin da zai faɗa masa inda zai tsaya, domin falanki biyu daga bishiya guda ba sa amsawa iri ɗaya. Wannan shi ne ilimin da ba ya shiga sai ta hannu da kunne, kuma shi ne ke mayar da mutum ga jita ta biyu tun bai gama ta farko ba.

Wuya kuwa lissafi ne zalla. Jitar Sifaniya takan yi milimita 650 daga inda tsirkiya ta tashi zuwa jaki. A raba wannan da 17.817, a sami wajen milimita 36 da rabi, nan ne gurbin na farko cikin ƙananan ƙarafan da ake kafawa a wuya. A raba abin da ya saura da wannan adadin, a sami na biyu, haka har ƙarshe, kuma na 12 dole ya faɗa a tsakiya cif. Kuskuren rabin milimita ya isa kunne ya ji.

Me ke tsayar da aiki a rabi? Sau da yawa ba kasala ba ce, laima ce. Katako na shan danshin iska ya buɗe, ya bushe ya tsuke, shi ya sa masu aikin ke riƙe danshin ɗaki a wajen kashi 45 cikin ɗari kafin su manna haƙarƙari ko su rufe akwatin. Wanda ba shi da na'urar yin haka sai ya jira yanayi. Sai lanƙwasa gefuna a kan bututu mai zafi, inda katako mai tsada kan karye cikin ƙiftawar ido. Sai shafe, wanda ke son a yi, a bari ya bushe, a goge da samfefa, a sake, mako bayan mako.

Abin da ke damuna a al'adar shi ne yadda sunan katako ya zama abin tinƙaho. Mai koyo da bai taɓa yanka gurbin ƙarfe daidai ba sai ya zuba kuɗi a katakon da ake ƙarancinsa, yana ganin daga nan daɗin sauti zai fito. Tarihin jitar kansa bai goyi bayan haka ba. Antonio de Torres na Almeriya, wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1892 kuma ya ba jitar Sifaniya siffarta ta yau, ya haɗa wata a 1862 da baya da gefuna na kwali, fuskar kaɗai ce ta katako mai kyau. Tana nan a gidan tarihin kiɗa na Basalona. A 1995 Bob Taylor, mai sana'ar ƙera jita, ya haɗa wata da katakon da ake ɗora kaya a kai a sito. Kuma kwaɗayin yana da farashi a daji. Tun 1992 yarjejeniyar CITES, mai taƙaita cinikin tsirrai da dabbobin da ke cikin haɗarin ƙarewa, ta sa jan katakon Brazil a jerin da aka fi tsananta wa, a 2017 kuma ta sa sauran danginsa a jerin da bai kai wannan tsanani ba. Baƙin katakon da ake shimfiɗawa a wuya, ɗan'uwan kanyarmu, da yawa daga cikinsa daga Kamaru yake fitowa, inda Taylor ya sayi hannun jari a wata masana'antar yanka katako ta Yawunde a 2011. Wani katakon da ake baya da gefe da shi ma sunan garin Sapele na jihar Delta yake ɗauke da shi.

Jitar gida da ta fi kowace suna ba ta san wannan tsadar ba. A 1963 Brian May, yana matashi, ya fara haɗa tasa da mahaifinsa Harold, domin ba su da kuɗin ta kanti. Wuyan daga tsohon katakon murhun ɗumama ɗaki suka fiƙe shi, ramukan da ƙwari suka ci ya toshe da tsinken ashana, alamomin wuya daga maɓallan ɗinkin mahaifiyarsa, sifirin kuma daga injin babur. Sun yi kusan shekara biyu a kanta, kuma da ita ya yi kiɗan ƙungiyar Queen. A Nijar, Mdou Moctar ya fara da jitar da ya haɗa da wayar birkin keke. Mu da muka ji abin da Ɗan Maraya Jos ya yi da kuntigi na gwangwani da tsirkiya guda ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani.

Ga kafinta ko matashin da ke son gwadawa a Kano ko Maraɗi, maɗaci zai yi wuya da gefe, domin danginsa na kurmi ake sayar wa masu haɗa jita a Turai. A sayi ma'aunin ƙarfe na gaske kafin a sayi falanki mai tsada. Kuma a rufe akwatin da rani, domin jitar da aka manne da damina tana iya tsagewa da shigowar hunturu.