Harafi mai takalmi da maras takalmi: wanne ya dace da allo?

Ƴan uwa masu koyon karatu, tun da idonku ya buɗe, ku dubi allunan da ake kafawa bakin hanya da ƙofar kantuna a Maraɗi, Damagaram ko Tawa. Za ku ga haruffa iri biyu. Na farko yana da ƴan gajerun layuka a ƙafa da kai, kamar ya sa takalmi da hula. Na biyu ba shi da ado, kaurinsa kusan ɗaya ne daga sama har ƙasa.

Mai takalmi tsoho ne. Rumawa sun sassaƙa shi bisa dutse kusan shekara 2000 da suka wuce. Cikin littafi yana da kyau, don takarda tana hannunka, kana karatu a natse. Amma allo daga nesa ake karanta shi, wani lokaci daga bisa mota ko amalanke, cikin ƙura.

Masu rubuta allo da yawa sun fi son mai takalmi, don ya fi burge mai kanti. Wannan kuskure ne. Mai takalmi yakan zo da siraran layuka. Su ne rana da iska ke fara ci, sai a bar maka rabin harafi. Kuma Hausa tana da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, waɗanda ƙugiyarsu ke sauya ma'ana. In kowane harafi yana da ƙawa a kai, yaya za ka gane ƙugiyar gaskiya? Mai kanti ya ce a rubuta "kaya", kai ka karanta "ƙaya". Wannan abin dariya ne. Amma in allon ɗakin magani ne, ko gargaɗin guba, ba dariya. Abin da ya fi ciwo, sabon mai karatu sai ya ɗauka laifinsa ne, ya yi sanyi, alhali laifin allo ne.

A Ingila, tsakanin 1957 da 1963, Jock Kinneir da Margaret Calvert suka tsara haruffan allunan hanya. Maras takalmi suka zaɓa, babban harafi a farkon suna, sauran ƙanana, don direba ya gane da sauri.

Maras takalmi ma yana da aibi. Babban I da ƙaramin l suna kama. A rubuta Illela, sai ka ga sanda uku a jere. Maganinsa sauƙi: a lanƙwasa ƙafar l kaɗan.

Don haka, ran da ƙungiyarku za ta sa a rubuta allon injin niƙa ko na rumbun tsimi, ku ce ma mai rubutu: haruffa marasa takalmi, masu kauri, da fili tsakaninsu, ƙugiya kuma ta fito sosai. Kafin ku biya, ku sa wanda ya fara karatu bana ya ja baya taki 30. In ya karanta, allo ya yi. In ya kasa, a sake shi.