Jinjina ga Makanikan da ke Maido wa Mota Ɗuminta

A garuruwan tudu irin su Jos, inda hunturu kan tsananta a watannin Disamba da Janairu, makanikin da ya laƙanci gyaran hita, wato na'urar ɗumama cikin mota, ya cancanci yabo, domin yakan fara da bincike kafin ya sauya kaya. Ɗumin yana fitowa ne daga ruwan da ke sanyaya inji, wanda zafinsa kan kai kimanin digiri 90 a ma'aunin Salshiyos, yayin da yake ratsa wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye bayan dashbod, fanka kuma tana hura iska ta cikinsa.

Gwani yakan fara duba yawan ruwan tun inji yana sanyi, sa'an nan ya tayar da mota ya taɓa tiyo biyun da ke kai ruwa ga ƙaramin lagireton da komo da shi. Idan ɗaya ya yi zafi ɗaya bai yi ba, galibi tsatsa ce ta toshe hanya, sai a wanke. Idan duka sun yi zafi, galibi laifin yana ga murfin da ke karkatar da iska. Idan kuwa babu mai zafi, hankalinsa kan koma ga tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, wanda wasu kan cire bisa zaton cewa ƙasa mai zafi ba ta bukatarsa. Wannan kuskure ne mai ƙara shan mai, kuma makanikin kirki yakan mayar da shi, ya fitar da iskar da ta maƙale a tiyo kafin ya miƙa makulli.