Sharhi a Kan Ma'aunin Gamsuwar Majiyyaci Bayan Tiyata

A shekarar 1966 Avedis Donabedian ya kasa ingancin jiyya gida uku: kayan aiki da ma'aikata, yadda aka gudanar da aiki, da sakamakonsa, ya kuma lissafa gamsuwar majiyyaci cikin sakamako. Rabon ya yi ma'ana, amma takardun tambayoyin da ake auna gamsuwar da su suna da rauni biyu. Na farko, galibi ranar sallama ake tambaya, alhali ɗinki yana iya yin mugunya har kwana 30 bayan tiyata. Na biyu, ma'aikacin asibitin ne mai tambayar, Bahaushe kuwa kara ba ta barinsa ya kushe wanda ya yi jinyarsa. Saboda haka wajibi ne a jinkirta tambaya, a danƙa ta ga bare. In ba haka ba, ladabin majiyyaci aka auna.