Sharhi Kan Rubuta Manhaja Ido Rufe

'Yan uwa ɗalibai, musamman masu karatun kwamfuta, akwai wani yayi da nake ganin ya kamata mu yi masa kallon tsanaki. A watan Fabrairun 2025, Andrej Karpathy, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa OpenAI, ya bayyana yadda yake gaya wa ƙirƙirarriyar basira abin da yake so, ta rubuta masa manhaja, ya karɓa ba tare da ya karanta ba. Shi kansa ya ce wannan ya dace ne da ƙananan ayyukan da za a yi a yar. Amma da yawanmu mun riƙe rabin maganar, mun bar rabi.

Ba na musun amfanin ChatGPT ko GitHub Copilot. Suna fayyace saƙon kuskure cikin daƙiƙa, suna kuma rage wahalar rubutu mai maimaituwa. Inda nake da ja shi ne yadda suke sa mutum ya ji ya iya. A 2025 ƙungiyar METR ta gwada ƙwararrun masu rubuta manhaja 16: da taimakon basirar aikinsu ya ƙara tsawo da kashi 19 cikin ɗari, alhali su a ransu sun ɗauka sun ƙara sauri da kashi 20. Idan gwanaye sun ruɗu haka, ina ga ɗan aji biyu?

Ga misali daga harshenmu. Ka ce ta rubuta maka abin tantance suna a fom. Sau da yawa za ta taƙaita haruffa daga a zuwa z, domin irin abin da ta fi gani ke nan. Manhajar za ta yi aiki sumul, har ranar da Ɗanladi ko wata 'Yar Baba suka zo rajista, a ce sunansu ba suna ba ne. Kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba, ƙila malaminka Bature ma ba zai lura ba.

Saboda haka ni shawarata, a yanka aikin ƙanana, a faɗa mata sharuɗɗan tun farko, har da ƙ, ɗ da ɓ. Ka rubuta gwajinka da hannunka kafin ka nemi amsa. Duk laburaren da ta ambata, duba ko akwai shi, don takan ƙirƙiro suna. Layin da ba za ka iya bayaninsa a gaban mai duba aikinka ba kuwa, kada ya shiga abin da za ka miƙa.