Zumuntar Mata da Masu Raina Ta

Wasu matasan masu wa'azi sun ɗauki wata magana suna yawo da ita, wai Zumuntar Mata ba komai ba ce illa anko da rawa da girkin biki, in kuwa ana so ikilisiya ta yi ƙarfi sai an shigo da tsarin ƙananan rukunonin gida irin na Koriya. Duk mai faɗin haka bai taɓa zama a taron zumunta daga addu'ar buɗewa zuwa ta rufewa ba.

Taron mutane kaɗan ba baƙo ba ne a Kiristanci. Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna masu bi na farko suna taruwa gida-gida, Bulus ma ya gai da ikilisiyar da ke gidan Akila da matarsa. A 1742 John Wesley ya kasa mabiyansa na Bristol aji-aji, kimanin mutum 12 a kowane aji, da farko don tara kuɗin biyan bashin gini, daga baya ajin ya koma wurin binciken rayuwar juna. Shi kansa Yonggi Cho, mai tsarin Koriya da ake ta ambato, da ya fara nasa a Seoul a 1964, mata ne suka riƙe masa rukunonin. To, a arewacin Nijeriya matan ECWA da COCIN da EYN da Katolika sun daɗe da kafa nasu, sai dai ba su rubuta littafi a kai ba.

Ni a wajena gwanintarsu tana cikin waƙar amshi. Ku lura da yadda take tafiya. Mace ɗaya ce ke ba da waƙa, tana ɗauko ayar da aka karanta a makon, ta rage ta zuwa layi guda da numfashi ɗaya zai ɗauka. Sauran su amsa. Amshin ba ya sauyawa, layin mai bayarwa ne ke yawo: yanzu tana kan Ayuba, can ta gangaro kan gwauruwar da dangin miji suka ƙwace wa gona, ko magidancin da albashi ke ƙarewa a gidan giya, ba tare da ta kama sunan kowa ba. Ƙarƙashin muryoyin ga tulu ana bugun bakinsa da soso, ga caki, ga kuge yana tsare lokaci. Kafin a maimaita sau goma, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta haddace ayar, za ta kuma rera ta gobe a wajen surfe. Tun 1932 ake da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, amma wannan amshi ne ya kai shi bakin matan Bura da Margi da Birom da Bajju da karatu bai kai gare su ba.

Akwai kuma abin da masu suka ba su gani. Amshi yana bukatar kowace murya, don haka wadda ba ta zo ba, nan da nan za a ji gurbinta. Ana tashi sai shugaba ta tura mata biyu su leƙa ta. In jego ne a tafi da sabulu da gari, in makoki ne a kwana a gidan. A sujadar Lahadi mutum na iya ɓacewa wata uku ba wanda ya cigita. Amfanin ƙaramin taro ke nan gaba ɗaya: kowa na da baki, kowa na da mai nemansa.

Shi ya sa nake cewa zumunta ce ta riƙe ikilisiyar arewa fiye da mumbari. A 2014, shekarar da aka sace 'yan matan Chibok, waɗanda yawancinsu 'ya'yan EYN ne, Boko Haram ta mamaye hedikwatar ikilisiyar da ke Kwarhi, an ƙone majami'u da yawa, jama'a suka watse zuwa Yola da Jos da Kamaru. Gini ba ya gudun hijira, amma waƙa da ziyara sun bi matan duk inda suka sauka.

Fastoci da dattawan ikilisiya, ku daina tuna Zumuntar Mata sai ranar da baƙi za su ci abinci. Ku koya wa masu ba da waƙa Littafi da kyau, ku ba su lokaci a sujada, ku kuma tura maza da matasa su koyi ziyara a wurinsu.